Kano zuwa Jidda: jirgin kai tsaye ko na bi ta Alƙahira?

Malam, tunda da Hajiya za ka yi wannan Umarar, shawarata ita ce ka sayi tikitin jirgin da ke tashi daga Kano kai tsaye zuwa Jidda, ko da ya fi na Alƙahira tsada. Tazarar Kano da Jidda a sararin sama kimanin kilomita 3,400 ce, tafiyar da ba ta cika wuce awa biyar ba, sai dai tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 jirage kan yi zagaye, lokacin ya ɗan ƙaru. Kada lissafin da ke jikin tikiti ya ruɗe ka: agogon Saudiyya yana gaba da namu da awa biyu, shi ya sa zuwa yakan yi kama da awa bakwai, dawowa kuma kamar awa uku.

Da irin wannan jirgin na raka kawuna, dattijon da ciwon gwiwa ya hana shi doguwar tafiya. Ya ɗaura haraminsa tun a Kano, ya ci abinci, ya ɗan yi gyangyaɗi da carbi a hannu, kuma da aka sanar cewa mun kusa miƙati sai ya yi niyya daga kujerarsa, jirgi duka ya ɗauki talbiyya. Sau ɗaya aka sauke shi, sau ɗaya aka tura shi a keken marasa ƙarfi, jakunkunanmu kuma suka iso tare da mu.

Na Alƙahira yana da sauƙin kuɗi, iyakar abin da zan yaba masa ke nan. Kimanin kilomita 3,100 ne zuwa can, sannan wasu 1,200 zuwa Jidda, ga zaman jira a tsakani wanda kan cinye rabin yini.

Ka tuna kuma cewa mu mutanen Sakkwato tafiyarmu ba daga Kano take farawa ba. In ba lokacin aikin Hajji ba ne, da wuya ka sami jirgin da ke zuwa Saudiyya daga filin Sultan Abubakar III, don haka akwai kimanin kilomita 500 na mota ta Gusau da Funtuwa, hanyar da ba a bi da dare. Bayan Hajiya ta sha wannan wahala, bai kamata a ƙara mata kwanan kujera a filin jirgin wata ƙasa ba.

Ko da yake ba ka tambaya ba, ka yi hattara da wasu dillalan tikiti. Akwai masu ba ka takardar ajiyar kujera da ba a biya kuɗinta ba, su ce tikiti ne, sai ka isa filin jirgi ka tarar an soke ta. Akwai kuma masu kiran jirgi "kai tsaye" alhali yana yada zango. Ka karɓi lambar tikitin mai alƙaluma 13, ka duba ta a shafin kamfanin jirgin da kanka kafin ka cika sauran kuɗin.