Yaya, nan Faransa har akuya na da lamba a kunne

Salamu alaikum Yaya, ina gida ina iyali, ya jikin Inna, ya zahin Maradi? Ka tambaye ni wane abu ya hi ba ni mamaki tun da na zo Paris, to wallahi ba dogayen gidaje ba ne, wani ɗan mitsitsin abu ne da suke ce ma RFID. Ɗan ƙarhe ne da bai kai ƙwayar shinkafa ba, an naɗa mishi siririyar waya, ba batir ba caji, in ka kai shi kusa da na'ura ita ke ba shi wuta ta iska kamar yadda rediyo ke kama tasha, shi kuma sai ya hwaɗi lambarshi. Iyakar aikinshi ke nan amma ko'ina ka juya yana nan.

Katin shiga metro (jirgin ƙarƙashin ƙasa) da bus, Navigo, taɓawa kawai kake ƙofa ta buɗe, ba yaron mota ba rigimar canji. Katin banki ma haka, in sayayya ba ta wuce yuro 50 ba, kusan jaka 33 tamu ke nan, ko lambar sirri ba ka bugawa. Ran nan na shiga Decathlon, wani babban kantin kayan wasanni, sayen rigar sanyi da takalmi, na zuba su cikin wani akwati wurin biya, kahin in ɗaga kai allo ya jero su duka da kuɗinsu, ashe kowane kaya da lambarshi cikin 'yar takardar da ke manne jiki. Sauri kam akwai, sai dai ba wanda za ka ce ma Alhaji rage mini, ba a yi albarka ba a sallama, ni har yanzu abin bai zauna mini ba.

Wanda ya sa na tuna ka shi ne na bisashe. Tun 2010 tumaki da awakin da anka haihwa nan sai an maƙala musu 'yan kunne masu ruwan ɗorawa, guda na da wannan ƙarhen ciki, mai garke ya miƙa wata sanda kusa da kai lamba ta hito, a san garken da dabba ta taso. Ragon layyar da munka haɗa kuɗi munka saya da nashi ya zo, kuma nan ba a yanka a gida, sai mayankar da hukuma ta yarda da ita. Sai na tuna yadda muke tsaga kunne ko mu shafa fenti a baya, da yadda ake kore ma mutane shanu wajen Madarunfa da Gidan Rumji a tsallaka iyaka da su cikin dare. Na san za ka ce ɓarawo ai yanke kunnen zai yi, haka ne, amma nan dabbar da ba ta da lamba mayanka ba ta amsarta, kuma lambobin duk a rubuce suke cikin rajista guda ta ƙasa, wannan rajistar ita ce aikin, ɗan kunnen kanshi ba shi da tsada. Mu ko dillali da shedu biyu sun isa a sai da saniya ko daga ina ta hito.

Har karnuka da kyanwoyi ana sa ma shi ƙarƙashin fata a wuya, wannan kam dariya na yi.

Ka gaishe da Inna da kyau, ka ce mata kuɗin magani na nan tahe ƙarshen wata. Jar akuyar nan da na bar mata ta haihu kuwa? Ka turo mini hoto ta WhatsApp.