Gargaɗi Kan Masu Tallar Maɓulɓular Ruwa da Sunan Tana Kashe Hayaniyar Titi

Jama'a, wannan rubutu na duk wanda gidansa ke bakin titi ne, ko kusa da wani wuri mai yawan ƙara, musamman idan ya fara cin karo da tallar wata maɓulɓular ruwa ta lambu da ake cewa tana shafe hayaniya baki ɗaya. Ni na faɗa hannun masu wannan talla, kuma abin da ya fi asarar kuɗin yi mini ciwo shi ne yadda suka ɗauko magana mai tushe suka lulluɓe ƙaryarsu da ita, ta yadda ko mai taka-tsantsan zai iya ruɗuwa. Tunda gemuna ya riga ya kama da wuta, ina fata ku shafa wa naku ruwa.

A Facebook na ga bidiyon. An nuna wata mata zaune a lambunta, ƙugin motoci ya cika wurin, sai ta danna maɓalli, ruwa ya fara zuba, nan take ƙarar titin ta ɗauke tamkar an rufe ƙofa. A ƙasan bidiyon an rubuta cewa na'urar tana rage hayaniya da kashi 90 cikin ɗari, wai tana aiki da irin fasahar da ke cikin abin sauraro na kunne mai soke ƙara, ga kuma agogo yana ƙirga sa'o'in da suka rage kafin rangwame ya ƙare. Sun nemi a biya kuɗin gaba ɗaya ta hanyar turawa cikin asusun banki, kuma sunan da ke kan asusun na wani mutum ne, ba na kamfanin da ke tallar ba. Na lura da wannan, amma gajiyar rashin barci ta rinjayi hankalina. Bayan makonni aka kawo mini ƙaramin kwano na roba, da ɗan allon sola da bai wuce tafin hannu ba, da wani ɗan famfo da ke tsartar da ruwa tsawon ɗan yatsa. Ba shi da batir, saboda haka da zarar gajimare ya gifta sai ya tsaya, da rana ta faɗi kuwa aikinsa ya ƙare, wato daidai lokacin da nake bukatarsa. Da na yi ƙorafi sai suka ce in mayar da kayan zuwa wani adireshi a ƙasar waje da kuɗina, kwana biyu bayan haka suka toshe ni.

Ko da sun aiko mini da babbar maɓulɓula mai inganci, alkawarin da suka yi ƙarya ne tun daga tushe, kuma wannan ne abin da nake so kowa ya riƙe. Ruwa mai zuba ba ya rage ƙara ko kaɗan. Ƙara ce ta biyu yake ɗorawa a kan ta farko. Idan sauti biyu masu ƙarfi ɗaya suka haɗu, ma'aunin ƙara yakan hau da kimanin desibel 3, ba ya sauka. Abin da ruwa ke yi shi ne lulluɓewa: kunne yana samun amo mai daɗi wanda ba ya yankewa, sai hankali ya koma kansa ya rage bibiyar wucewar kowace mota. Wannan amfani ne na gaske, kuma ba na raina shi. Misalin da aka fi sani shi ne ƙaramin wurin shaƙatawa na Paley Park da ke tsakiyar birnin New York a Amurka, wanda aka buɗe a 1967, inda ruwa ke gangarowa daga bango mai tsayin kimanin mita 6 har ya danne hayaniyar titi. Sai dai a lura cewa ruwan da ke zuba a can ya kai kimanin galan 1,800 a kowane minti, kuma bangaye sun kewaye wurin ta ɓangarori uku. Irin wannan ne 'yan damfara ke jingina da shi, sannan su sayar maka da kwano.

Akwai kuma batun nau'in sauti, wanda masu tallar ba za su taɓa ambata ba. Ruwan da ke fantsama a kan duwatsu amonsa siriri ne mai kaifi, shi ya sa yake iya rufe muryoyin maƙwabta daga nesa da shuuu ɗin tayoyi a kan kwalta. Rurin injin babbar mota, da dukan kiɗa mai nauyi, da gunjin janareta kuwa amo ne mai kauri, kuma a yadda kunnen ɗan Adam yake, amo mai kauri ya fi sauƙin danne siriri fiye da yadda siriri zai danne shi. Ruwa mai yawa da ke faɗawa daga sama cikin tafki mai zurfi yakan ba da amo mai ɗan kauri, amma ko shi ba zai ɓoye hon ɗin mota ko ƙarar babur da ta taso farat ɗaya ba. Nisa ma yana da nasa hukunci. Ƙarar abu ɗaya kamar maɓulɓula tana raguwa da kimanin desibel 6 duk lokacin da ka ninka nisanka da ita, alhali ƙarar titi mai cunkoso, da yake doguwar layi ce, kimanin desibel 3 kawai take raguwa. Ma'anar wannan ita ce dole ruwan ya kasance kusa da inda kake zama, ba can jikin shinge ba, kuma da ka yi ɗan nisa da shi titin zai sake rinjaye.

Maganar fasahar soke sauti kuwa ita ce ƙaryar da ta fi girma. Abin sauraro na kunne yana iya yin haka ne saboda yana aiki a cikin ɗan ƙaramin gurbi da ke tsakanin na'urar da dodon kunne, inda yake fitar da kishiyar igiyar sautin da ke shigowa. A fili mai faɗi, inda ƙara ke zuwa ta kowace fuska kuma mutum yana motsi, babu famfon ruwan da zai yi wannan aiki. Shirun da ake ji a bidiyon a wurin tace bidiyo aka ƙirƙire shi, domin rage sautin titi da ɗora na ruwa aikin 'yan mintuna ne ga wanda ya iya.

Wanda ke son ƙara ta ragu da gaske, katanga mai kauri marar kafa yake bukata, wadda tsayinta ya isa ya tare ganin motocin daga inda yake zaune. Irin wannan takan rage kimanin desibel 5, kuma kowane ƙarin tsayi yana ƙara ɗan sauƙi. Jerin shuke-shuke guda ɗaya yana ƙawata wuri, amma abin da yake ragewa kaɗan ne ƙwarai. Ruwa yana zuwa ne bayan katanga, ya rufe abin da ya saura. Wanda kuma damuwarsa barcin dare ce ya sani cewa a 2018 Hukumar Lafiya ta Duniya, a ƙa'idojin da ta fitar domin yankin Turai, ta ba da shawarar kada matsakaicin ƙarar titi ya wuce desibel 45 da dare, kuma kunna ruwa a bakin taga ba zai sauke wannan adadi ba. Gyaran tagogi da toshe kafofinsu ya fi kusa da magani.

Wani abin da ya tayar mini da hankali daga baya shi ne lafiya. Wani da muka haɗu a wurin sharhin tallar ya gaya mini cewa shi nau'in mai aiki da lantarki aka kawo masa, da waya siririya, babu takardar bayani, babu wata alamar cewa famfon ya dace a nutsar da shi cikin ruwa. Duk famfon da zai zauna a ruwa ya kamata ya zo da alamar IP68, wadda ke nuna cewa zai jure nutsewa cikin ruwa, kuma a haɗa shi ta na'urar da ke katse wuta idan ta fara zurarewa, irin mai aiki a miliamfiya 30. Famfon da ya mutu kuwa yana barin ruwa a tsaye, kuma a lokacin zafi sauro na iya kammala girmansa daga ƙwai cikin mako guda zuwa kwana goma. Gidan da ke da ƙananan yara ya fi dacewa da nau'in da ma'ajiyar ruwansa ke binne ƙarƙashin tsakuwa, domin ruwa kaɗan ma yana iya halaka yaro mai rarrafe.

Kafin ka biya kowa, ka tambaye shi lita nawa famfon ke turawa a awa ɗaya, da iyakar tsayin da yake iya ɗaga ruwa, da girman ma'ajiyar, da sharuɗɗan garanti a rubuce. Mai sana'a na gaskiya yana da waɗannan amsoshi a bakinsa, kuma shi da kansa zai gaya maka cewa ruwa ba ya kawo shiru. Ka nemi ka ji irin na'urar tana aiki da kunnenka. Akwai ma gwajin da ba ya cin ko sisi: ka ɗauki tiyo ka riƙa zuba ruwa cikin bokiti a daidai inda kake zama, a lokacin da titin ya fi cika, ka saurara ko ya sauƙaƙa maka. Idan mai gini ne zai yi maka aikin, kada kafin alƙalami ya zama dukan kuɗin. A raba biya bisa matakan aiki, a kuma rubuta.

Idan ka riga ka biya, ka ɗauki hoton tallar, da hirarku, da shaidar tura kuɗi tun kafin su goge, ka sanar da bankinka nan take, ka kai rahoton shafin ga masu dandalin da hukumar kare haƙƙin masu saye ta ƙasarka. Shafin da ya cuce ni ya ɓace bayan mun kai ƙara, amma a makon da ya wuce na sake ganin bidiyon nan, da matar nan, da agogon nan mai ƙirga sa'o'i, a ƙarƙashin wani sabon suna.