Buhun PICS: kaka uku ina ajiye wake a ledar Farfesa Murdock

Kaka uku ke nan da na daina zuba wa waken gidana magani, kuma abin da ya ba ni wannan dama shi ne buhun nan mai riɓi uku da ake kira PICS (gajeren suna na Turanci mai nufin ingantacciyar ajiyar amfanin gona ta Jami'ar Purdue), wanda ake samu a shagunan masu sayar da iri da taki a garuruwa da yawa na arewacin Najeriya da kudancin Nijar. Ni ba babban ɗan kasuwa ba ne. Buhu huɗu ko biyar nake saya idan wake ya yi araha, mu ci biyu a gida, sauran kuma in fitar da su idan bazara ta yi nisa farashi ya ɗaga, saboda haka hukuncin da zan yanke wa buhun hukunci ne na magidanci mai ƙaramin ɗakin ajiya, ba na mai sito a Dawanau ba.

A ido, buhun bai da wani abin burgewa. Leda biyu ne masu kauri, kowace kaurinta mikron 80 (mikron dubu ne ke yin milimita ɗaya), ana zura ɗaya a cikin ɗaya, sannan a saka su a cikin buhun saƙa na roba irin wanda aka saba zuba hatsi, wanda aikinsa shi ne ɗaukar nauyi da kare ledojin daga yagewa. Akwai mai cin kilo 50, akwai mai cin kilo 100, wato kimanin tiya arba'in. Babu hoda a cikinsa, babu ƙwaya, babu wani sinadari da aka shafa wa ledar, kuma wannan ne ya sa ranar da aka fara miƙo mini shi na tambayi mai shagon ina maganin yake. Ya ce mini, "Alhaji, ɗaurin shi ne maganin." A lokacin na ɗauka zaƙin bakin 'yan kasuwa ne, amma daga baya na gane cewa ya taƙaita mini bincike na shekaru masu yawa a cikin kalmomi kaɗan.

Ƙwaron wake ba daga ɗakin ajiya yake fara shiga ba. Tun a gona macen ke nasa ƙwai a jikin kwanso ko ƙwayar waken, tsutsar ta ƙyanƙyashe ta huda ta shige ciki, ta yi ta ci a ɓoye, bayan kamar wata guda ta fito a matsayin ƙwaro ta bar ramin nan da kowace mai ƙosai ta tsana. Kowace mace kuma tana nasa ƙwai masu yawa, shi ya sa buhun da ka saya sumul a watan Nuwamba yake iya komawa gari da ƙwari kafin damina ta faɗi. Idan aka ɗaure waken a cikin ledar da iska ba ta ratsa ta da sauƙi, ƙwarin da ke ciki su ne da kansu suke shaƙe iskar oksijin da ta rage, suna fitar da kabon dayoksaid, har iskar ta yi ƙarancin da za su daina ci da haihuwa. Wani abin da masu binciken suka gano daga baya ya fi ba ni mamaki: ƙwaron da ke cikin wake ba ya samun ruwan sha, daga abincin da jikinsa ke ƙonawa da oksijin yake samun mafi yawan ruwan jikinsa, don haka idan oksijin ya yanke, ƙishirwa da bushewa suna cikin abin da ke kashe shi.

Mutumin da ya jagoranci wannan bincike shi ne Farfesa Larry Murdock na Jami'ar Purdue da ke jihar Indiyana a Amurka, kuma harafin farko na sunan buhun daga sunan jami'ar aka ɗauko shi. Murdock masanin ƙwari ne, ba injiniyan leda ko kwali ba. A ganina wannan ne ma ya sa buhun ya yi aiki, domin wanda ya tsara shi daga halin ƙwaron ya fara, sannan ya nemi mazubin da zai ci galaba a kansa. Ya soma aikin a 1987 a arewacin Kamaru, tare da masu bincike na cibiyar nazarin noma da ke Marwa, a ƙarƙashin wani shiri kan wake da hukumar raya ƙasashe ta Amurka ta ɗauki nauyinsa. Ba su raina dabarun da suka tarar a hannun manoma ba. Sun gwada ajiya da toka, wadda kakanninmu suka daɗe suna yi, sun tsara hanyar shanya wake a rana tsakanin baƙar leda da farar leda don zafi ya kashe ƙwai da tsutsa, sannan suka fito da ɗauri cikin leda uku, wanda shi ne asalin buhun da muke saya yau.

Dabarar ta daɗe ba ta yaɗu sosai ba, saboda manomi ba zai sami leda mai kaurin da ake buƙata a kasuwar ƙauyensu ba, kuma ledar da ta yi shara-shara ba ta hana iska wucewa. Sai a 2007 Gidauniyar Bill da Melinda Gates ta ba da kuɗin faɗaɗa aikin zuwa ƙasashe 10 na yammaci da tsakiyar Afirka, waɗanda suka haɗa da Najeriya da Nijar da Kamaru da Chadi da Gana, aka daidaita kaurin ledar, aka fara ƙera buhun a masana'antun yankin, ciki har da Kano, aka kuma shigar da shi hannun dillalai don ya zama kayan kasuwa maimakon kyautar da za ta ƙare idan shiri ya ƙare. Yadda aka tallata shi ma ya dace da halin mutanenmu, waɗanda gani ya fi gamsar da su a kan ji: ana zuwa ƙauye da kaka a ɗaure waken wasu 'yan garin a gaban jama'a, bayan wata da watanni a sake taruwa a buɗe, kowa ya sa hannu ya ɗebo ya duba. A Nijar, Farfesa Ibrahim Baoua da abokan aikinsa a Maraɗi sun yi gwaje-gwaje da dama tare da Murdock, kuma daga baya aka tabbatar buhun yana amfani ga masara da dawa da gujiya da wasu amfanin gona, har aka sauya ma'anar sunan daga ajiyar wake kaɗai zuwa ajiyar amfanin gona gaba ɗaya.

A shekarar farko na ɗaure buhu uku a farkon Disamba, na buɗe na farko a watan Yuni. Na tarar da 'yan matattun ƙwari a bakin ledar, waken kuwa yana nan da launinsa da nauyinsa, babu wari, babu garin da ke taruwa a gindin buhu. Uwargida ta jiƙa shi ta yi alala a ranar, ba tare da an shanya shi kwana da kwanaki don warin magani ya fita ba. Na ware kaɗan na ba wani ƙanena ya shuka, ya kuma tsiro yadda ya kamata, abin da na yi shakka a kai da farko domin ina ganin kamar irin da aka hana wa iska zai mutu. A kan aikin da aka yi shi dominsa, wato hana ƙwaro ɓata busasshen wake, ban ga abin da zan kushe buhun da shi ba.

Sai dai buhun ba ya yafe sakaci ko kaɗan, kuma a nan ne mutane da yawa suke faɗuwa su ɗora masa laifi. Dole a fara hura kowace leda a matse ta don a tabbatar babu huda, a tsince tsakuwa da tsinke daga waken, a zuba a hankali ana girgizawa, a bar isasshen baki, a matse iskar da ta rage, a murɗe bakin ledar ciki a lanƙwasa a ɗaure, sannan a yi wa ta biyu haka ita kaɗai, sannan buhun waje. Wanda ya haɗa bakunan uku ya ɗaure da igiya ɗaya saboda gaggawa ya yi asarar kuɗinsa. Haka kuma wake mai danshi ba ya shiga wannan buhu, domin ledar da ta hana iska shiga ita ce za ta hana laima fita, ya yi fumfuna. Ni dai nakan ciji ƙwaya, idan ba ta fashe ƙaras ba sai in mayar da shi rana. A shekara ta biyu na yi asarar kusan rabin buhu, kuma laifina ne, domin na jingina shi da bango a ƙasa maimakon in ɗora shi a kan katako, ɓera ya huda gindinsa, ban lura ba sai da na ji buhun ya ɗauki ɗumi, alamar ƙwari sun farfaɗo suna aiki a ciki.

Akwai kuma matsalolin da ba na mai saye ba ne. Buhun bai dace da gidan da za a riƙa ɗiban tiya ɗaya kowane mako ba, domin kowace buɗewa sabuwar iska ce. Abin da nake yi shi ne in ɗebi na wata guda in juye a jarka mai murfi, in sake ɗaure sauran nan take. Samunsa ma ba kullum yake da sauƙi ba, musamman a tsakiyar kaka lokacin da aka fi buƙatarsa. Sannan akwai jabu. Na taɓa sayen wani a wata kasuwar mako a kan farashi mai rahusa, da na isa gida na ɗaga ledar a hasken rana sai na ga ta yi sirara, ga ɗinkin gindinta yana buɗewa da ɗan ja kaɗan. Mai saye ya duba tambarin da zanen yadda ake ɗauri a jikin buhun waje, ya taɓa kaurin ledar da hannunsa, ya kuma nemi dillalin da aka sani.

Maganar kuɗi ita ce mutane suka fi ƙorafi a kai, kuma gaskiya ne ya fi buhun gama-gari tsada nesa ba kusa ba. Amma ni lissafina da tiya nake yi: abin da na biya bai wuce kuɗin tiya ɗaya zuwa biyu na wake ba, a kan buhun da ke ɗauke da tiya arba'in, kuma idan an kula da ledar tana yin kaka uku. A ɗaya ɓangaren akwai abin da muka saba, wato ƙwayar nan mai fitar da iskar guba da ake jefawa cikin buhu, ko kuma piya-piya da wasu ke yayyafa wa wake kai tsaye, abin da bai kamata ya kusanci abinci ba. A 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Najeriya saboda yawan maganin ƙwari mai suna diklobos da aka samu a cikinsa, kuma waken da Turawa suka ƙi irinsa ne yake zuwa tukwanenmu. Najeriya ce ta ɗaya a duniya wajen noman wannan wake, Nijar na biye da ita, don haka yawan abincin da ake zuba wa guba saboda tsoron ƙwaro ba ƙarami ba ne.

Mai shagon da nake saye a wurinsa bai taɓa jin sunan Murdock ba, kuma da na ba shi labarinsa sai ya ce lallai wannan Bature ya san wake. Ina ba duk wanda zai ajiye wake ko masara fiye da wata biyu shawarar ya sayi buhun, muddin zai iya busar da hatsinsa sosai, ya yi ɗauri uku daban-daban, ya kuma ɗaga shi daga ƙasa nesa da bango da rana. Wanda zai sayar da wakensa cikin mako biyu ko uku ba ya buƙatarsa. Bana na sayi sababbi biyu, na ci gaba da amfani da biyu na bara bayan na hura su na ga ba su yoyo, ledar da ɓera ya huda kuwa tana kan rufin akurkin kaji tana tare ruwa.