Gargaɗi ga masu tsohon mashin a Kaduna: akwai wani "injiniya" mai gano cutar mashin ta waya

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina jan ƙafa kafin in rubuta wannan abu, don gaskiya akwai kunya mutum ya fito ya ce an damfare shi, balle ni da nake ganin na san mashin ɗina kamar yunwar cikina, amma jiya da daddare na sake cin karo da mutumin ya dawo da sabon suna da sabon hoto, bidiyon dai su ne ba su canza ba, kuma har wasu bayin Allah suna ta ajiye masa lambar waya, sai na ce a'a shirun ya isa haka.

Mashin ɗina Jincheng ne tsoho, na mahaifinmu ne Allah ya jiƙansa, ni na gaje shi. Daga Tudun Wada nake zuwa aiki Kakuri da shi kullum, kuma ƙananan gyare-gyare duk a ƙofar gida nake yi ranar Lahadi, juyen baƙin mai, wanke kabireta, ɗaure cen, canza fulogi, ba na zuwa wajen bakanike sai abu ya kai ga buɗe inji. To cikin daminar nan sai ya ɓullo da wani hali. Zai tashi lafiya lau da kik ɗaya, in yi tafiya, da na faɗa rami ko na hau gargada sai ya ɗauke ɗif kamar an kashe makulli. In tsaya in yi ta buga kik har gumi ya jiƙa min riga, can kuma sai ya tashi kamar ba shi ba. Ranar da ya fi ba ni haushi a kan gadar kogin Kaduna ya mutu, ana yayyafi, motoci na ta danna min hon, haka na tura shi har na sauka.

A wani zaure na masu mashin a Facebook na ga mutumin. Yana sa bidiyo na tsofaffin mashina da suka ƙi tashi, sai a nuna hannu ya canza wani ɗan akwati baƙi, a buga kik ɗaya inji ya ɗauka. Fuskarsa ba ta taɓa fitowa, hannu kawai da sifana. Na yi masa magana ya kira ni da kansa, murya a natse, yallaɓai kaza yallaɓai kaza, har da tambayar iyali. Na fara yi masa bayani ban ma kai rabi ba ya katse ni, wai "yallaɓai kar ka wahalar da kanka, CDI ɗinka ne ya gaji, shi da kwayil, duk Jincheng mai shekarun naka haka yake yi." CDI shi ne ɗan baƙin akwatin nan da ke sakin wutar fulogi a kan lokaci, kwayil kuma shi ke ƙara wa wutar ƙarfi. Ya ce na kasuwa duk jabu ne, shi nasa na asali ne ɗan Japan da ake cirowa daga mashinan da aka shigo da su, saura biyu kacal kuma akwai wani daga Zariya da ke jira.

Nan ne ya kamata in farga. Bai tambaye ni kalar fulogi ba, bai ce in duba wuta ba, kai bai ma tambaye ni wane irin CDI ne a mashin ɗin ba, alhali iri biyu ne, akwai mai karɓar wuta kai tsaye daga magneto akwai mai karɓa daga batir, kuma ba a musanya su haka kawai ko da soket ɗin ya shiga. Na san wannan fa! Amma mutum in ya gaji da turin mashin, duk wanda ya ce masa ga magani sai ya miƙa hannu.

Na ce ina shagonsa in zo. Ya ce shagon na kasuwar Panteka amma yanzu ya tafi Kano sarin kaya, kayan suna hannunsa, in tura kuɗi ya ba direba ya kawo min tashar Kawo. Naira 22,000 na CDI da kwayil. Lambar asusun da ya turo sunan mace ne ya fito, na tambaya ya ce na maiɗakinsa ne nasa ya samu matsala. Na tura. Washegari ya kira wai direba ya ce sai an ƙara 3,500, na ƙara. A nan ne ma ya so ya haɗa min da wani ƙarfe da ake maƙalawa a tiyon mai wai yana rage shan fetur da rabi, ya ce tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa shi yake sawa. Wannan kam na ƙi, maganaɗisu ne kawai a cikin roba, shi kuwa fetur ina ruwansa da maganaɗisu.

Abin da ya sa mutane ke faɗawa hannunsa shi ne kayan suna zuwa, ba irin masu karɓar kuɗi su ɓace nan take ba ne. Na je Kawo na karɓi ƙunshi a baƙar leda an naɗe da salatif. Kwayil ɗin yana ƙyalli, amma da na kai shi hanci warin fenti ne, na sa farce na kankara sai ga tsatsa a ƙasa. CDI ɗin kuma yana da nauyi a hannu, har da takardar rubutun Japan an manna. Na jona shi, na buga kik ya fi 30, ko tari inji bai yi ba. Na mayar da tsohon nawa, kik ɗaya ya tashi. Na kira shi ya ce ai wayarin ɗina ne ya ƙona sabon, in turo 9,000 ya aiko da wani a rabin kuɗi tunda ni mutumin kirki ne. Da na ce ya dawo min da kuɗina in mayar masa da kayansa, shikenan, ya toshe ni ta ko'ina, layin ma har yau a kashe.

Ranar Asabar na ɗauki kayan na tafi Panteka neman shagon. Na zaga na zaga babu wanda ya san shi. Wani dattijo mai gyaran wayarin ya ga ina ta nuna wa mutane hoto a waya ya ce "yaro zo nan, kai ma CDI ne?" Ashe ni ne na huɗu da ya zo da irin wannan ledar. Ya karɓa ya ɗora a kan ƙarfe ya ba shi guduma ɗaya. Wallahi jama'a babu komai a ciki, wani tsohon noti ne babba aka saka don ya yi nauyi aka zuba baƙin danƙo aka rufe, ƙafafun soket ɗin ba su haɗu da komai ba. Na tsaya ina kallon notin naira 25,500.

Na ce Baba to ni yanzu mene ne ciwon mashin ɗin? Ya ce in ba shi labari tun daga farko, kuma bai katse ni ba har na gama. Da ya ji maganar rami da gargada sai ya ce in cire tanki. A ƙarƙashin tankin akwai wata waya baƙa mai ratsin fari, ita ce wayar kashe inji, in ka murɗa makulli ita ake haɗawa da bodi wuta ta ɗauke. Shekara da shekaru tana gogar firem har robarta ta cinye, wurin bai fi ƙwayar shinkafa ba, tagullar na leƙowa. Duk sanda na faɗa rami sai ta taɓa ƙarfe, mashin ya ɗauka an kashe shi, in ga ruwan sama kuma abin ya ƙaru. Ya naɗe ta da tef ya ɗaure ta gefe, ya ce in ba yaronsa 500 ya sha ruwa. Yau sati 3 ko sau ɗaya bai mutu ba.

Tunda na riga na tona kaina bari in faɗi abin da ya kamata in yi tun farko, wanda kowa zai iya a gida. Inji abu uku yake so, wuta da mai da matsi. Ka cire fulogi ka mayar da shi cikin hularsa, ka jingina ƙarfensa a jikin inji ka buga kik, ka riƙe ta robar fa kar ya ja ka, kuma kar ka yi kusa da inda fetur ya zuba. In ka ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi to CDI da kwayil suna aiki, ka bar su. In babu, kafin ka zargi CDI ka gwada wani fulogin, ka duba hular, ka bi wayoyi da hannu musamman wayar at, wato wadda ake ɗaurewa a jikin bodi, da wannan ta kashe inji, soket-soket ɗin nan suna yin kore da damina. Shi kansa fulogin yana ba da labari, in bakinsa ruwan ƙasa ne lafiya, in baƙi ne mai gari kamar kunkunniya mai ya yi yawa ko abin tace iska ya toshe, in ya jiƙe da baƙin mai kuma ga hayaƙi a salansa to a fara tunanin ringi. Mai kuwa, ka kwance ɗan sukurun ƙasan kabireta ka tara a murfin gora, in akwai ruwa za ka gan shi ya kwanta a ƙasan fetur ɗin. Wani lokaci ma ɗan hujin iska na murfin tanki ne ke toshewa, mashin ya yi tafiya kaɗan ya shaƙe, kana buɗe murfin ka ji fuuu ya tashi. Matsi kuma babban yatsa ya isa, ka toshe ramin fulogi ka buga kik, in ya ture yatsan da ƙarfi da sauransa. In duk ka bi waɗannan kuma har yanzu CDI kake zargi, ka ari na wani mai irin mashin ɗinka ka jona na minti 2, ko ka tura mashin ɗin har gaban mai shago a gwada a idonka kafin ka ciro kuɗi.

Na kai ƙorafi banki da hoton rasit, sun karɓa sun ce in jira, ina nan ina jira. Ban sa suna ko lamba a nan ba don sunan yana canzawa duk wata, kuma wa ya sani ko matar da ke kan asusun ma aron sunanta aka yi. Amma alamominsa ba sa canzawa, bidiyo hannu ba fuska, shago a Panteka amma kullum yana Kano, saura biyu, wani daga Zariya na jira, a karɓa a tashar Kawo. Dan Allah ku tura wa 'yan uwa, musamman 'yan acaɓa na Rigasa da Mando da Hayin Banki da na ga suna ta yi masa magana jiya. Notin da fasasshen akwatin suna nan a aljihun mashin ɗina, duk wanda ya gan ni a hanyar Kakuri da jan Jincheng mai karyayyen madubin hagu ya tsayar da ni in nuna masa.