Sharhi kan Mark of the Ninja, wasan sanɗa da na kammala a Maraɗi

Yawancin samarin da nake gani a shagunan wasan bidiyo na Maraɗi ƙwallon ƙafa suke bugawa, ko kuma wasannin harbe-harbe waɗanda mai saurin yatsa ke cin nasara a cikinsu. Ni ma a nan na taso, shi ya sa lokacin da ƙanena da ke karatu a Yamai ya saya mini Mark of the Ninja a dandalin Steam da katinsa na banki, ban ɗauka zan wuce kwana biyu a kansa ba. Sai ga shi na yi mako uku ina komawa gare shi kowane dare bayan sallar isha'i, a kan tsohuwar kwamfutar tafi-da-gidanka da na saya ta hannu, har na kai ƙarshensa.

Kamfanin Klei Entertainment da ke birnin Bankuba a Kanada ne ya ƙirƙiri wasan, ya fito a 2012, aka kuma sake gyara shi aka fitar a 2018, wanda shi ne na buga. A lokacin da wasan ya fito, Klei yana cikin ƙananan kamfanoni masu cin gashin kansu, kuma su ne suka yi wasan Don't Starve. Zanen wasan irin na katun ne, ana kallon komai ta gefe, don haka bai wahalar da kwamfutata ba, kuma da zarar an sauke shi ba ya bukatar intanet. Wannan babban abu ne a wurinmu, domin sau da yawa an ɗauke kuran ina tsakiyar mataki, batir ya riƙe ni har na tsallake.

Abin da ya kama ni shi ne yadda wasan yake nuna wa mai bugawa sauti da idonsa. Kowace ƙara da aka yi tana fitowa a fuskar kwamfuta kamar zobe mai buɗewa, irin wanda ake gani idan an jefa tsakuwa a tabki. Idan ninja, wato jarumin da kake sarrafawa, yana tafiya a hankali babu zobe ko kaɗan, idan ya ruga a guje zoben yana faɗaɗa, kuma duk mai gadin da zoben ya taɓa ya ji ke nan. Haka ma haske: idan ninja yana cikin duhu jikinsa baƙi ne da ɗan farin layi a gefe, da ya shiga hasken fitila kuwa launin tufafinsa yake bayyana. Abin da ke bayan ƙofa ba ka ganinsa sai ka jingina ka leƙa. Saboda haka duk lokacin da aka kama ni na san ainihin kuskuren da na yi, ban taɓa jin an zalunce ni ba, kuma a ganina wannan ne ya raba shi da wasannin sanɗa da yawa da na gwada, waɗanda mai gadi zai hango ka daga nesa ba tare da ka san dalili ba.

Akwai wani wuri da ba na mantawa. Ina maƙale a saman sandar fitila, masu gadi biyu suna ƙasa, ɗaya yana kai da kawo da tocila a bakin bindigarsa, ɗayan yana tsaye a bakin ƙofar da nake so in shiga. Na daɗe ina ƙirga takun mai yawon, sannan na tsayar da lokaci, domin wasan yana ba da damar haka idan za a auna jifa, na harba ƙaramar kibiyar gora na fasa fitilar da ke can gefe. Zoben ƙarar ya kai ga na bakin ƙofa, ya juya ya ɗaga tocilarsa sama yana dubawa, ni kuma na sauko ta bayansa na shige ramin iska da ke ƙasan bango. Babu wanda ya mutu, babu wanda ya san na wuce. Sai da na fita ɗaya ɓangaren na lura ashe ni kaina na riƙe numfashi, kuma shayin da ke gefena ya huce.

Wannan ya tuna mini labarin maharban da da kakanninmu ke bayarwa, waɗanda ke ɗaura kan burtu a goshi su durƙusa suna rarrafe har su kusanci barewa tana ɗaukarsu tsuntsu. Maharbin da ya yi gaggawa ya koma gida hannu rabbana. Ninja ɗin nan haka yake, domin gaba da gaba ba shi da ƙarfi, harsashi kaɗan ke kayar da shi, takobinsa kuma yana aiki ne kawai a kan wanda bai ankara ba. Ko a nan ma, idan ka kuskure alamar da aka nuna maka ta yadda za ka kai sara, mai gadin zai yi ihu kafin ya faɗi, abokansa su taho. Karnuka kuwa duhu bai hana su shinshino ka, kuma su ne suka fi ba ni wahala.

Na fi jin daɗin wasan lokacin da na daina kisa gaba ɗaya. Ana ba da maki na musamman ga wanda ya gama mataki bai kashe kowa ba, akwai ma wata shigar tufafi da ake buɗe maka wadda ke raba ka da takobi amma ta sa gudunka ya zama babu ƙara. Da ita mataki ɗaya yake komawa kamar wani sabo, ka fara ganin hanyoyin rufi da ramuka da ka wuce a baya ba ka kula ba.

Labarin wasan bai kai tsarinsa ba. Ninja marar suna ne na ƙabilar Hisomu, an yi masa zane a jiki da tawada mai ba da ƙarfi amma tana taɓa hankali a sannu, yana bin Karajan, shugaban sojojin hayar da suka kai wa ƙabilarsa hari, wata mai suna Ora tana yi masa rakiya. A tsakiya labarin ya yi sanyi, sai dab da ƙarshe ya farfaɗo da wani zaɓi mai nauyi wanda ba zan tona ba. Muryoyin da Turanci suke, na mai da rubutun zuwa Faransanci na bi labarin da shi. Da madannan kwamfuta da linzami na fara, amma maƙalewa a bango da sauka ta kusurwa sun riƙa kuɓuce mini har sai da na aro hannun wasa a wurin wani abokina, daga nan komai ya daidaita. Ina kuma jan hankalin iyaye cewa duk da zanen katun ne, akwai jini da kisa a fili, ba na yara ba ne, ni kaina sai ƴaƴana sun yi barci nake kunnawa.

Wanda ke neman hayaniya da harbi zai gaji da shi tun a matakin farko. Wanda zai iya zama minti biyu a cikin duhu yana kallon mai gadi yana jiran ya juya baya, kuɗinsa ba za su tafi a banza ba. Yanzu na shiga zagaye na biyu da ake buɗewa bayan an kammala, inda aka cire zoben sauti kuma ninja ba ya ganin abin da ke bayansa, don haka na sayi abin sauraro na kunne a babbar kasuwa, ina bin takun masu gadi da kunnena.