Tsohuwar kwamfutar soja: a ci gaba da lallaɓa ta ko a sayi sabuwa?

Duk wanda aka ɗora wa alhakin sayo wa rundunar soja kayan aiki, wata rana sai an kawo masa maganar wata tsohuwar kwamfuta da ke riƙe da rada, ko sadarwa, ko harba makami. Hanya uku ce a gabansa: ya bar ta yana biyan kuɗin gyara, ya tumɓuke ta gaba ɗaya, ko ya riƙa sauya ta gaɓa-gaɓa.

Barin ta ya fi araha a kan takarda. Sojoji sun saba da ita, kuma na'urar da ba ta haɗe da intanet tana da wuyar kutsawa. Amurka ma ta riƙe kwamfutar IBM Series/1 ta shekarun 1970 a tsarin aika umarnin makaman nukiliya, tana ajiye bayanai a tsohon faifan floppy mai inci 8 har zuwa 2019. Sai dai kuɗin ta bayan gida yake biyowa. Kamfanin Microsoft ya daina kula da manhajar kwamfuta ta Windows XP a 2014, shekarar da ta biyo baya rundunar ruwan Amurka ta biya shi kusan dala miliyan 9 don ya ci gaba da toshe mata ɓaraka. Kayan gyara kuwa, da zarar kamfani ya daina ƙera su sai a koma hannun dillalai, ta nan jabu ke shigowa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne a sa tsohuwar na'ura aikin da ba don shi aka ƙera ta ba. Ranar 25 ga Fabrairu 1991 a Dahran ta Saudiyya, an bar na'urar kakkaɓo makamai ta Patriot a kunne sama da awa 100, alhali an tsara ta ne ta yi 'yan awoyi a kashe. Agogonta na ciki ya yi ta zamewa kaɗan-kaɗan har ya kai kashi ɗaya bisa uku na daƙiƙa. Ba ka ko ƙifta ido ba ke nan, amma a wannan ɗan taƙin makami mai linzami na Scud da aka harbo ya yi tafiyar da ta wuce rabin kilomita. Rada ta leƙa inda ta zata yake, ta ga wayam. Patriot ba ta tare shi ba, ya faɗo, sojoji 28 suka mutu, gyaran manhajar kuma bai iso ba sai washegari.

To a tumɓuke kawai? Nan ma a bi a hankali. Rundunar saman Amurka ta zuba sama da dala biliyan 1 a sabon tsarin kula da kayayyaki na ECSS, ta soke shi a 2012 ba ta mori abin kirki ba. A 1997 kuma sifili guda da aka shigar ya durƙusar da sabbin kwamfutocin jirgin yaƙin USS Yorktown, ya tsaya cak a teku fiye da awa biyu.

Ni dai na fi karkata ga sauyi gaɓa-gaɓa. Haka aka yi wa tsarin nukiliyar nan: aka cire floppy, aka sa ma'ajiyar zamani. Yana cin lokaci, kuma za ka ciyar da tsohuwa da sabuwa tare na wani zango. Kafin ka sa hannu, a rubuta a kwangila ranar da kamfani zai daina kula da manhajar, da wanda ya mallaki lambobinta na asali (rubutun da aka gina ta da shi), da yawan kayan gyaran da za a ajiye, da sojoji nawa zai horar su iya gyara ba sai an kira shi ba. Kada a kashe tsohuwar sai sabuwar ta yi aiki gefenta, a kunne dare da rana, fiye da tsawon lokacin da za a bar ta a fagen daga.