Daga Unguja zuwa Pemba: jirgin sama ko na ruwa?

Tsibirai biyu ne manya a Zanzibar ta ƙasar Tanzaniya, wato Unguja inda babban birnin yake, da Pemba mai gonakin kanumfari a arewa. Tsakanin filin jirgin Abeid Amani Karume na Unguja da ɗan ƙaramin filin Pemba da ke kusa da garin Chake Chake akwai nisan da ya ɗan haura kilomita 120, kuma jirgin sama kan cinye wannan tazara cikin kimanin minti 30.

Ni dai zaɓina shi ne ƙaramin jirgin nan samfurin Cessna Caravan mai farfela ɗaya, wanda kamfanoni irin su Auric Air da Coastal Aviation ke amfani da shi, mai ɗaukar fasinja kimanin 12. Ba ya lulawa sama sosai, saboda haka wanda ya samu kujerar taga zai ga tsandaurin murjani da kwalekwalen masunta tarwai a ƙarƙashinsa. Sai dai mai sayen tikiti ya lura cewa lokacin da aka rubuta ba kullum ne lokacin tashi da sauka kai tsaye ba, domin wasu jiragen daga Darussalam suke tasowa su yada zango a Unguja, wasu kuma su zarce garin Tanga daga Pemba, don haka jinkirin zango ɗaya kan shafi sauran. Batun kaya ma ba abin wasa ba ne: yawanci kilo 15 ake bari, a jaka mai laushi, domin ma'ajiyar da ke ƙarƙashin jirgin ba ta karɓar babban akwati mai tauri.

Jirgin ruwa zuwa tashar Mkoani ta Pemba ya fi araha nesa ba kusa ba, amma yakan ci sa'o'i da dama, kuma a watannin iskar kudu da mutanen wurin ke kira Kusi, teku kan yi tsauri ƙwarai. A tekun da ke tsakanin Unguja da Pemba ne jirgin Spice Islander ya nutse a watan Satumbar 2011 saboda lodin da ya wuce kima, ɗaruruwan mutane suka rasu. Kwalekwalen katako kuwa bai cancanci a sa shi cikin lissafi ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne 'yan kamasho da ke zagaye bakin tashar jirgin ruwa a tsohon garin Zanzibar, waɗanda ake kira papasi. Da sun ga baƙo sai su tare shi da fara'a da sallama, su ce ofishin tikiti ya rufe ko kujeru sun ƙare, su ja shi wani ɗan shago inda za a ninka masa kuɗi. An taɓa ba ni takarda mai hatimi da sunan tikiti, sai a ƙofar shiga na tarar ba ta da wani amfani. Masu irin wannan sana'a sun shiga intanet ma, suna tallar kujerun jirgin sama ta WhatsApp, su nemi a tura kuɗi kafin su nuna lambar rajista. A saya a ofishin kamfani ko shafinsa, a duba cewa sunan da ke kan tikitin ya yi daidai da na fasfo, a kuma riƙe sababbin daloli, domin sau da yawa ana ƙin karɓar tsofaffin bugu.